Ƙarfen gicciye da kuskuren √26: nazarin lamarin wata ɗaliba a Jos

A gwajin tsakiyar zango na farko na ba 'yan ajin SS3 tambayoyi goma a kan tushen murabba'i. Ta huɗu gajera ce: a sauƙaƙa √8 + √18. Wata yarinya mai zama a layin gaba, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙarama a gidansu, ta rubuta √26, ta ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda take yi duk sanda ta tabbata da amsarta. Ba ita kaɗai ta rubuta haka ba. Tata ce dai ta tsaya mini a rai, saboda ba raguwa ba ce. Lissafin riba da faɗuwa, kaso cikin ɗari, warware daidaito mai harafi biyu, duk tana cikin na gaba. Amma a tambayoyi goman nan uku ta ci, kuma ukun duka na ninkawa ne. Duk inda alamar tarawa ko ta ɗebewa ta shiga tsakanin tushe biyu, ta faɗi.

Makarantar mai zaman kanta ce, ba nisa da titin Bauchi, ajin kuma ya haura mutum arba'in. Auta daga Unguwar Rogo take zuwa. Mahaifinta mai walda ne, yana da rumfar aiki ta wajen Katako, inda yake haɗa ƙyamaren ƙarfe da ƙarafan taga. Jarrabawar WAEC na tafe cikin watan Mayu, NECO na biye da ita, kuma wannan babi ba ya tsayawa shi kaɗai: yana ɓullowa a lissafin kusurwoyi, inda √2 da √3 suke zaune a cikin amsoshin digiri 45 da 30 da 60, yana kuma ɓullowa a daidaiton murabba'i. Wanda ya tafi da wannan kuskure zai yi ta biyan kuɗinsa a wuraren da bai zata ba.

Ga wanda ya daɗe da barin aji: tushen murabba'in lamba shi ne lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka waccan. Tushen 25 shi ne 5, na 49 shi ne 7. Alamar √ ni a aji rumfa nake ce mata. Wasu lambobin suna fitowa daga rumfar tsaf, irin su 4, 9, 16, 25, 36. Wasu kuwa ba sa fitowa. √2 yana farawa da 1.41421356, ya yi ta tafiya, ba ƙarshe ba kuma maimaici. Malaman lissafi na Larabawa, tun zamanin Alkhawarizmi a Bagadaza cikin ƙarni na 9, suna kiran irin wannan tushe "asamm", wato kurma. Da Turawa suka fassara littattafan Larabci zuwa Latin sai suka ɗauki ma'anar yadda take, kuma daga nan sunan "surd" da ke cikin littafin lissafin yaranmu na yau ya samo asali. Duk yaron da ya je Islamiyya ya san "summun", don haka da na ce musu kurman tushe, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Inda cutar take

Bayan an tashi na tsayar da ita, na ce ta yi mini lissafi da baki.

"√4 sau √9?"

"Shida, Malam. √36 ke nan."

"Madalla. To √9 a tara da √16?"

Ko numfashi ba ta ja ba. "√25. Biyar."

Na ce ta gaya mini √9 shi kaɗai. Ta ce uku. √16? Huɗu. Uku da huɗu? Bakwai. Sai ta yi shiru tana kallon takardar. Na zaci za ta ce ta gane kuskurenta. Abin da ta ce shi ne: "Malam, ai ina ga duka biyun daidai ne. Ya danganta da hanyar da mutum ya bi."

Wannan maganar ce ta buɗe mini lamarin. Ba garaje ba ne, ba kuma mantuwa ba. A wurin Auta √8 ba lamba ba ce mai girma da tsawo, wadda za a ce ta fi kaza ko ba ta kai kaza ba. Umarni ne da ba a gama aiwatarwa ba. Tunda kuwa umarni ne, to abin da ya rage kawai a san dokar motsa shi, kuma dokar da ta sani ita ce a kwashe abin da ke ƙarƙashin rumfuna biyu a zuba a rumfa ɗaya. Dokar tana aiki a ninkawa: √a × √b = √(ab), muddin lambobin ba su gaza sifiri ba. Tana aiki a rabawa. Me zai hana ta aiki a tarawa? Tunaninta a shirye yake, ginshiƙin ne ya karkace.

Kuma da hannuna a ciki. Ranar da na koyar da dokar ninkawa na ba su misalai kusan ashirin a jere, duka iri ɗaya, ban tsaya ko sau ɗaya na nuna musu inda dokar take ƙarewa ba. Hannunsu ya saba, kansu bai tambaya ba.

Magani biyu da ba su kama ba

Na fara da abin da kowane malami ke farawa da shi. Na miƙa mata kalkuleta. √8 ya ba da 2.828, √18 ya ba da 4.243, jimilla 7.071. √26 kuma 5.099. Ta gani, ta gyaɗa kai, na sa ta rubuta a bangon littafinta da jan biro cewa √a + √b ba ɗaya yake da √(a + b) ba. Kwana goma bayan haka na ba su aikin gida, ta kawo mini √12 + √27 = √39. Jan biron yana nan a bango.

Sai na koma kasuwa. Na ce mata ta ɗauka tana Farin Gada: kwando biyu na tumatir da kwando biyar na tumatir, kwando bakwai ke nan, amma kwando biyu na tumatir da buhu uku na dankalin Turawa, sai dai a faɗe su haka, ba su haɗuwa. Haka 2√3 + 5√3 = 7√3, shi kuwa 2√3 + 3√2 a bar shi yadda yake. Wannan ya shige ta nan take, har na fara murna. Da na dawo mata da √8 + √18 sai ta dube shi ta ce, "Wannan tumatir da dankali ne, Malam, ba sa haɗuwa," ta bar shi. An gudu ba a tsira ba. Misalin kasuwa yana da rauni a daidai wurin da ake buƙatarsa: a Farin Gada tumatir ba ya taɓa zuwa cikin shigar dankali, amma a lissafi √8 da √18 'yan gida ɗaya ne da suka yi shiga daban.

Ranar Asabar a rumfar walda

Mahaifinta ne ya neme ni, bayan ya ga sakamakon gwajin. Na ce zan leƙo shi. Na je da hantsi wata Asabar cikin Nuwamba, sanyin Jos ya fara sauka, yaran shagon kowa da hular sanyi. Na tarar da shi durƙushe a kan wani firam na ƙyaure da aka ɗan ɗiga wa walda a kusurwoyi. Ya ja tef daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, ya duba, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren, ya duba, ya ɗauki guduma ya ɗan bugi gefe guda, ya sake aunawa.

Na ce, "Maigida, me ake nema?"

Ya ce, "Malam, in gicciyen nan biyu ba su zo ɗaya ba, ƙyauren ya karkace ke nan, ko da ido bai gani ba. Ranar da aka je kafa shi za a ji kunya."

Mutumin da bai wuce firamare ba, amma kullum hannunsa a kan abin da 'yarsa ke faɗuwa a kai. Na roƙe shi aron alli da sukwaya da tef, na ce a kira Auta.

A kan simintin rumfar muka zana murabba'i mai ƙafa 2 kowane gefe. Daga kusurwarsa ta sama muka tayar da wani mai ƙafa 3, ya zamana gicciyen na farko da na biyu sun miƙe a layi ɗaya. Na tambayi Auta tsawon gicciyen ƙaramin. Ka'idar Fitagoras, wadda ke cewa a ninka kowane ɗaya daga gefuna biyun da kansa, a tara su, tushen jimillar shi ne gicciye, ta sani tun ƙaramar sakandare, ita ce dai magina ke amfani da ita in suna fitar da kusurwar gini da awon 3, 4, 5. Ta ce 2 sau 2 huɗu, a tara da wani huɗun, takwas: √8. Babban kuma 9 da 9, √18. Na ce to ga tambaya ta huɗu kwance a ƙasa. In Baba zai sa fayif ɗaya ya ratsa su duka biyun, ƙafa nawa zai yanka?

Ta yi jim. Ta san √26 ba daidai ba ne, an gaya mata. Na ce ta bar abin da aka gaya mata, mu gwada shi. √26 ƙafa 5.1 ne, wato inci 61 da ɗan kai. Baban ya ja tef a kan layin allin. Ƙaramin gicciye ya ba shi inci 34 ba kaɗan, babban ya ba shi 51 ba kaɗan. Daga farko zuwa ƙarshe, inci 85 saura ƙiris.

Ya sa babban yatsa a kan 61, ya dubi inda layin ya ƙare, ya dube ta. "Auta, da a kan lissafinki na yanka, da kin sa ni asarar fayif. Kusan ƙafa biyu fa babu."

Yaran shagon suka yi dariya, ita ma ta yi, amma idonta na kan tazarar. Lambobin nan su ne dai kalkuleta ya nuna mata makonni uku da suka wuce, 7.07 da 5.10. Bambancin shi ne a allon kalkuleta ba su da tsawo.

Wannan ya kashe √26, amma bai haifar da amsa ba tukuna. Sai na sa aka zana ƙaramin murabba'i mai ƙafa 1, na roƙi Baban ya yanko guntun rodi daidai gicciyensa. Ya yanko, inci 17 ba kaɗan. Na ce mata wannan rodin sunansa √2, ta riƙe shi. Ta ɗora shi a kan gicciyen murabba'i mai ƙafa 2: ya shiga sau biyu cif. Ta ɗora a kan na ƙafa 3: sau uku, ba saura. Ban ce komai ba. Ita ta ɗago ta ce, "Ashe √8 rodi biyu ne. √18 kuma rodi uku." Ta ɗauki allin ta rubuta a ƙasa: 2√2 + 3√2 = 5√2.

A nan ne sauƙaƙawa ta sami ma'ana a wurinta. Da, in an ce ta mayar da √8 zuwa 2√2, gani take wani ado ne da masu jarrabawa ke so. Yanzu ta ga tambaya ce: da wane rodi aka auna wannan tsawon, kuma sau nawa ya shiga? A takarda kuwa hanyar gano rodin ita ce a nemi cikakken murabba'in da ke ɓoye a cikin lambar. 8 shi ne 4 × 2, huɗu ta fita daga rumfa ta zama 2, biyu ta zauna. 18 shi ne 9 × 2, tara ta fita ta zama 3, biyu ta zauna. Abin da ya zauna a rumfa shi ne sunan rodin. Dokar ninkawar da ta jefa ta rami ita ce kuma ta fito da ita, da aka yi amfani da ita a muhallinta.

Akwai sauran abu ɗaya da nake so ta gani, kuma shi ne ya fi mini daɗi. Na ce ta ƙarasa zanen, ta rufe murabba'an biyu a cikin babba guda. Ya fito mai ƙafa 5 kowane gefe, gicciyensa √50, wanda shi ne 5√2 ɗin dai, tunda 50 shi ne 25 × 2. Na ce to ke kin sami 26, gaskiya kuma 50 ce. Ina 24 ta shiga? Ta duba zanen. A cikin babban murabba'in, ban da ƙananan biyun da muka fara da su, ga wasu fanko biyu a gefe da gefe, kowanne ƙafa 2 a ƙafa 3. Faɗin filinsu 6 da 6, goma sha biyu. Na ƙananan murabba'an kuma 4 da 9. Jimilla 25. Kowanne a ninka shi biyu, kamar yadda lissafin gicciye ya buƙata: 8, 18 da 24. Ga ta nan. A aljabara ita ce 2ab ɗin da ɗalibai ke yarwa idan suna buɗe (a + b)²: in ka ninka √8 + √18 da kansa za ka sami 8 + 18 + 2√144, wato 26 + 24. Kuskuren tushe da kuskuren buɗe baka ciwo ɗaya ne, kuma tun daga ranar nake koyar da su tare.

Kafin in tafi Baban ya tambaye ni ko irin wannan lissafin yana da wani amfani ban da jarrabawa da ƙyaure. Na nuna masa wayar wutar da ke shiga rumfarsa. Ƙarfin wutar layi ɗaya volt 240, tsakanin layi biyu na wuta mai layi uku kuma 415, lambar da ake gani a jikin taransifoma. In ka ninka 240 da √3, wato 1.732, abin da za ka samu ke nan. Ya ce shekara da shekaru yana ganin lambobin nan biyu, bai taɓa zaton akwai dangantaka a tsakaninsu ba.

Abin da ya biyo baya

Litinin na mayar mata da √12 + √27. Ta fitar da 2√3 da 3√3, ta ce rodin wannan karon √3 ne, amsa 5√3. Na ƙara mata − √75 a ƙarshe don in gani. Ta sami 5√3 − 5√3, ta rubuta sifiri, sannan ta ɗago tana tambaya ko amsa tana iya zama sifiri. Tana iyawa.

Ba a rabu da matsala duka ba. Sabon tuntuɓe ya fito a manyan lambobi. √72 sai ta ga 4 a ciki, ta rubuta 2√18, ta tsaya. Ba ƙarya ta rubuta ba, amma aikin rabi ne, kuma in tambayar ta ce √72 − √50, wanda ya tsaya a 2√18 ba zai ga cewa 6√2 − 5√2 ne ba, amsa √2 kawai. Abin da muka yi shi ne ta haddace murabba'ai har zuwa 225, ta riƙa fara nema daga babba, 36 kafin 9, 9 kafin 4. In kuma ta fitar da wani abu, ta sake leƙa rumfar ko da sauran mai fita. Na kuma ɗora mata al'adar kintace kafin ta fara: √72 yana tsakanin √64 da √81, wato tsakanin 8 da 9, don haka duk amsar da ta fita daga nan a sake dubawa. 6 × 1.41 ya ba da 8.46, ya zauna. Sau ɗaya ta zame ta rubuta 2√3 + 3√2 = 5√5. Kintacen ne ya kama ta: 3.46 da 4.24 ba za su haura 11 ba.

Da haruffa suka shigo ban sha wahalar da na zata ba. √(8x) + √(18x) ta mayar da shi 5√(2x) ba tare da na sa baki ba. Na dai ja mata kunne cewa √(18x²) yana zama 3x√2 ne idan x bai gaza sifiri ba, kuma √(x² + 9) ba x + 3 ba ne, don fankon nan biyu na nan suna jira. A jarrabawar ƙarshen zango tambayoyi shida suka shafi wannan babi, ta ci biyar. Wadda ta faɗi ta kore tushe daga ƙasan kaso ce, irin 1/(√3 − 1), kuma wannan aikin zango na biyu ne.

Yarinya ɗaya ce, lamari ɗaya, ba zan ce abin da ya yi mata zai yi wa kowa ba. Ba kowane ɗalibi ne ubansa ke da tef da sukwaya ba. Da na maimaita darasin ga ajin gaba ɗaya, tayil ɗin barandar ofis muka yi amfani da shi da igiya, muka kuma auna takardar A4, mai milimita 210 a 297, suka raba suka ga 1.414 ta fito. Wasu sun kama, wasu sai da aka sake. Abin da na canza a nawa ɓangaren shi ne ba na ƙara koyar da dokar ninkawa ba tare da na sa √9 + √16 a kan allo a rana ɗaya ba.

Guntun rodin yana cikin jakar Auta har yanzu. Ran nan ta zo mini da ƙorafi: ta auna shi da tef ɗin Babanta sau uku, tana so ta san inci nawa ne daidai, ba "17 ba kaɗan" ba. Na ce mata 16.97 da 'yan kai, kuma 'yan kan ba su ƙarewa. Duk yadda aka tsattsaga inci gida-gida daidai wa daida, ƙarshen gicciyen ba zai faɗa a kan layi ba, shi ya sa muke rubuta √2 mu bar shi haka. Ta ce ta gaya wa Baba hakan, ya ce shi 17 yake yankawa, in ya ɗan yi tsawo ya goge bakin.